Jan Ɗigo a Ƙasan Samira

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar hunturu ba, ko da tsufa zai kai ni ga manta inda na ajiye tabarau alhali yana kan hancina (yanzu ma nakan yi hakan). Ranar ce na tsaya a tsakiyar falona a Handsworth, da babbar riga da hula, na ɗaga kwano sama kamar wanda ya ciyo kofin ƙwallo, ruwan laka yana ɗiga a kan kafet, ina ta washe baki, ban san auren ɗana ne nake jijjigawa a hannuna ba.

Bari in faro muku daga tushe. Ni tsohon direban bas ne. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na tsinta a hanya. Na daɗe ina jan bas a Birmingham har gwiwata ta ce ta gaji, na ajiye. Da na yi ritaya yara suka haɗu suka saya mini injin huda bango, irin mai batir ɗin nan. Ban san wanda ya ba su shawarar ba, amma matata Asabe ta ce ko a lahira sai ta nemo shi. Tun daga ranar babu bangon da ya tsira a gidan. Na kafa kanta inda ake buƙata, na kafa inda ba a buƙata. Na huda ƙofar banɗaki don rataye tawul, ƙusar ta leƙo ta ɗaya gefen, har yau tana kama wa baƙi riga.

To, autanmu Mansur ya ga yarinya yana so. Sunanta Sakina, tana karatu a jami'ar da ke Edgbaston, iyayenta kuma suna Salford, can gefen Manchester. Ubanta likita ne, kowa Dakta yake ce masa. A gida ƙannen uba ake turawa neman aure, amma ni a ƙasar nan ba ni da ƙane sai na cikin waya. Don haka na sa babbar riga na tafi da kaina, ni da Asabe, Mansur yana tuƙi yana gumi a cikin sanyi.

An karɓe mu hannu bibbiyu, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma gidan nan ya tsaya mini a rai. Duk lungun da ka duba akwai shuka a cikin tukunya mai sheƙi, wata a ƙasa, wata a kan teburi, wata tana reto daga sama. A waje duniya ta yi toka, a ciki kuwa ka ce damina ce. Dakta ya saurare ni har na gama, ya ce, "Madalla, Malam, mun ji daɗi. A ba mu ɗan lokaci, akwai manya." Manyan nan kuwa mutum ɗaya ce: mahaifiyarsa, Hajiya Babba, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mutuniyar Kazaure, mai tabarau rataye da igiya a wuya. Ba ta da yawan magana. A hanya Mansur ya gaya mini ko labule ba a canzawa a gidan sai ta gyaɗa kai.

Da za mu taho na ga mata suna ta kai da kawo tsakanin kicin da bayan mota da wata jaka. Ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne, na yi kwanaki ina shan shayi da alkaki da dubulan da rabona da irinsu tun barina gida. A faranti ake kawo mini. A cikin me suka zo gidan, ban ga ya shafe ni ba. (Ku riƙe wannan, zai dawo mana.)

Muka shiga jira. Mansur ya zama kamar mai jinya, waya ta yi ƙara ya zabura, ba ta yi ba ya duba ko ta lalace. Ana cikin haka babbar 'yarmu da ke aure a Manchester ta haihu, Asabe ta tattara ta tafi wankan jego, aka bar ni ni kaɗai da gida (Mansur dama ba a gidan yake kwana ba), da hitar ɗumama ɗaki, da injin huda.

Wanda bai yi hunturu a ƙasar nan ba ba zai gane ba. Rana takan leƙo ne kamar mai karɓar saƙo, kafin ka ce mata shigo ta juya. Ka idar da azahar, ka ɗan kishingiɗa, la'asar ta taka maka ƙafa, kana shafa addu'a magariba tana ƙofa. Sama toka, titi toka, fuskokin mutane a tashar bas toka. Ga gida ba Asabe, ba mai yi mini faɗa, shiru har yana ƙara a kunne.

Rannan sai ga wayarta. "Malam, ka saurara da kyau. Su Dakta za su zo duba Sakina ƙarshen wata, za su taho da ni a motarsu. Sun ce za su biyo su gaisa. Har da Hajiya Babba, ita ta ce tana son ganin gidan."

"Ita da kanta?"

"Ita da kanta. Ka san abin da hakan yake nufi. Abinci na riga na yi magana da ƙawata, za ta dafa ta aiko. Kai shara kawai za ka yi. Malam, don girman Allah, kada ka huda komai."

Na ce haba, sai ka ce wani yaro.

Na ajiye waya na dubi falona da idon baƙo. Kujeru ruwan ƙasa, kafet ruwan ƙasa, labule kalar da ba ta da suna. Wallahi sai na ga ɗakin hutawar direbobi na tsohuwar tasharmu. Na tuna gidan Dakta. Na ce wato tsohuwar nan za ta taso daga cikin lambu ta shigo nan, ta dubi wannan duhu, ta ce ga gidan da za a kai mata jika? Ban iya ba Mansur uba likita ba, amma ai ganye ba ya tambayar takardar makaranta.

Washegari na ɗauki katin tsofaffi na shiga mota kyauta na hau bas zuwa wani babban kantin shuke-shuke a bayan gari (na zauna bayan direba ina gyara masa tuƙi a zuci, kamar kullum). Na zaɓo uku. Ɗaya mai jajayen ganye, irin wadda ake sayarwa lokacin Kirsimeti, ragowa ce aka tura gefe. Ɗaya mai dogayen ganye siri-siri da farin layi, tana zubowa kamar gashin da ba a kitse ba. Ta ukun alobera, don ita kaɗai na sani da suna. Dukansu a baƙar roba mai muni. Na nufi ɓangaren tukwanen ado, nan raina ya ɓaci. Fara, baƙa, toka, toka mai haske, toka mai duhu. Akwai wata da suka rubuta wai kalar dutse, wato dai toka ce da ta je makaranta. Na ce ni da na gudo wa toka, in saye ta in kai ta cikin falo? Na rungumo shukokina na dawo ba tukunya.

A ƙofar gida na haɗu da maƙwabcina Winston, mutumin Jamaika, tare muka yi tuƙi da shi, shi ma ya ajiye. Yana da hannun shuka, bayan gidansa har kabewa yake yi. Na kai masa kukana. Ya ce, "Mutumina, tukunya ai ba dole sai ta kanti ba. Kowane mazubi ka ga ya yi maka kyau, zai yi, ko tsohon takalmi ne. Sharaɗin ɗaya ne, ruwa ya sami hanyar fita ta ƙasa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe."

Hanyar fita ta ƙasa. Ina jin haka tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Na shiga gida na fara bincike. Bokitin fenti, a'a. Tsohuwar tukunyar shinkafa, a'a. Sai na buɗe ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, na janye injin shara, na janye buhun shinkafa, can a ƙurya na ga jaka. A cikin jakar akwai ƙunshi, an naɗe da sabuwar atamfa, an ƙulle bakin tsaf. Mai hankali in ya ga an naɗe abu da sabon zane an ɓoye shi bayan shinkafa, zai mayar ya ja ƙofa. Ni kuwa na kwance.

Samira ce guda uku, babba da matsakaiciya da ƙarama, kowace da murfinta. Irin ta da, mai nauyi, ba irin ta yanzu da iska ke ɗauka ba. Jiki fari sol, furanni ja da rawaya sun kewaye ta, ganye kore shar, bakin kuma an ja masa shuɗin layi. Ina fito da su sai da ɗakin ya yi haske. Har wani ɗan ƙamshin man shanu na ji a ciki, na ce ikon Allah, tsohon kaya ba ya rabuwa da ƙamshinsa. Ban yi ko shakka ba, na ce na Asabe ne. Asabe tana da kwanukan da ba su da iyaka, na sama da na ƙasa da na baƙi da na baƙin da ba su taɓa zuwa ba. Na ce yau dai za a ci moriyar wasu.

Na kifa babbar a kan teburin kicin, sai na ga jan ɗigo a ƙasanta, daidai tsakiya kamar an auna. Na kifa ta biyu, ga shi. Ta uku, ga shi. Na ce kai, mutanen da sun san aiki! Har alamar inda za a huda sun sa.

(A nan ne nake jin kunyar kaina fiye da ko'ina. A cikin mata na girma. Na sha ganin mahaifiyata tana ɗiga wa kwanukanta fenti in za a yi biki, don kada su ɓace cikin na mutane. Na sani sarai. Amma mutum in yana riƙe da injin huda, duk ɗigon da ya gani gayyata ce.)

Na manna salatif don kada fentin ya ɓare, na yi bismilla, na danna. Ƙarfen ya yi gardama, ya yi wani irin kuka da ya kamata ya dawo da ni hayyacina, amma na ce masa ni na taɓa kwance tayar bas a cikin ƙanƙara. Rami uku, kowane a tsakiyar ɗigonsa, sai ɗan zoben ja da ya rage a gefe kamar kwalli. Na juye shukokin, na cika da ƙasa, baƙaƙen robobin kuma na jefa su a shara don kada ma in sake ganinsu. Mai ja a matsakaiciya, mai dogon gashi a babba, alobera a ƙarama. Na shimfiɗa farin ƙyalle a bakin babbar tagar falo mai kallon titi, na sa faranti a ƙarƙashin kowace, sannan na jingina murafen a bayansu, kamar yadda mata ke yin jere.

Gaskiya ɗaya ce, ko yau aka tambaye ni: sun yi kyau. Falon nan ya farka. Da yamma in na kunna fitila, ja da rawaya su faɗo kan gilashi, masu wucewa su rage tafiya. Wata tsohuwar Baturiya mai yawo da kare ta tsaya ta ɗaga mini babban yatsa. Winston ya leƙo ya ce, "Mutumina, ashe kana da ido!" Nakan ja kujera kusa da su in sha shayi, har hira nake yi musu. Asabe ta kira ta ce, "Ka yi sharar?" Na ce, "Ke dai ki zo ki ga abin mamaki." Ta ce, "Wannan maganar ce ba na so."

Ranar Asabar da safe Mansur ya zo da kulolin abinci. Ya tsaya gaban taga ya karkata kai. Da Hausarsa ta 'yan Birmingham ya ce, "Baba, kwanukan nan kamar na san su."

"Yo ba dole ka san su ba? Na uwarka ne. A cikinsu ka girma."

Ya ce to, sun yi kyau, ya wuce ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya goge. Ni kuma na ɗauko buta na shayar da shukokin har suka ƙoshi suka bar saura, don ganyen ya miƙe gaban baƙi.

Suka iso bayan azahar. Asabe ce ta fara shigowa, idonta yana bin bango yana neman sabon rami. Ba ta ga ko ɗaya ba, ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta juyo wajen taga. Jakar hannunta ta faɗi. Ta dube ni, ta dubi tagar, ta sake dubana, ido waje. Na ce a raina, ai na faɗa, daɗi ya hana ta magana.

"Malam," ta ce, murya can ƙasa, "zo ka taya ni wani abu a kicin."

Tunda muka yi aure Asabe ba ta taɓa gayyata ta kicin ba, kora ta take yi. Wannan kaɗai ya isa ishara. Na ce, "Ina zuwa, bari baƙi su zauna." Sai ta je ta tsaya a gaban tagar ta baza mayafi kamar mai shanya. Na ce, "Asabe, matsa mana, kin tare musu haske."

Aka zazzauna, aka gaisa, aka tambayi hanya da mai jego da sanyi. Hajiya Babba tana kan kujerar da na tanadar mata, wadda ta fi kowace fuskantar taga (ni na juya ta da hannuna). Matar Dakta ta dubi tagar sau ɗaya, ta sunkuyar da kai tana nazarin kafet. Sakina ta sa gefen mayafi a baki. Dakta kuwa, da yake namiji ne irina, bai ga komai ba. Ya ce, "Malam, ashe kai ma mai son shuka ne. Sun ƙawata ɗakin."

Abin da nake jira ke nan. Na miƙe na gyara riga.

"Ai Dakta, sirrin ba a shukar yake ba, a mazubin yake. Na zaga kantunan garin nan, duk toka. Waɗannan da ka gani tsofaffin kwanuka ne da aka yasar a ƙarƙashin bene, ba mai waiwayarsu. Ka san mata da tara tarkace."

Asabe ta ce, "Innalillahi."

Na ɗauka atishawa ce ta zo mata. Na ci gaba. "Amma sai ka fitar wa ruwa hanya, in ba haka ba saiwar ta ruɓe. Bari ka gani." Na sunkuci babbar da hannu biyu na ɗaga sama don kowa ya ga ramin. Ruwan da na ɗura da safe ya sami hanyar da na fitar masa, ya biyo hannun rigata, ya sauka kan kafet, ɗis, ɗis, ɗis. Ban damu ba. Ina kan bayani.

Sai na ji wata siririyar murya. "Baban Mansur, kawo nan in ga tarkacen."

Na kai mata da rawar jiki. Ta ɗora tabarau a hanci. Ta ce in ɗan karkata. Ta shafa furannin da ke jiki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kai ɗan yatsa ƙasa ta zura a ramin, ta juya shi a hankali.

"Kai ka huda?"

"Da hannuna, Hajiya. Bai ma yi wuya ba, akwai alama a wurin, ja. Ita na bi."

"Akwai alama kam," in ji ta. "Ni na ɗiga ta. Da jan farce, ranar sunan wannan." Ta nuna Dakta da haɓa. "Mata sun cika gida, na ce kada a haɗa min da na wasu. Samirar jerena ce. A ciki na zubo muku alkaki ranar da kuka je."

Jama'a, na taɓa shiga hanyar da ba ta ɓullewa da bas cike da fasinja, na yi baya da shi kowa yana kallona. Na ɗauka ranar na gama sanin kunya. Ashe share fage ne. Wato alkakin nan da na yi kwanaki ina ci, a cikinsu ya zo. Ga samira a hannuna, ba damar ajiyewa, ba damar riƙewa. Dakta ya cire tabaransa yana gogewa. Mansur ya sulale ya zauna a hannun kujera, fuskarsa ta koma kalar tukwanen kantin nan.

Asabe ce ta yi ƙarfin hali. "Hajiya, wallahi wanke su na yi na naɗe na ɓoye. Na ce ba zan mayar miki da kwano wayam ba, sai na yi nakiya da gireba na cika su na kawo da kaina. Sai haihuwar nan ta zo. Ban san..." Ta dube ni, sauran maganar ta bar wa idonta.

Na dire samirar a gaban tsohuwa na durƙusa. Gwiwar ta yi wata ƙara da kowa ya ji. Na ce, "Hajiya, na yi ɓarna, kuma na ƙara da baki. Amma ni na yi, ni kaɗai. Yaron nan ko sani bai yi ba. Kada a duba shi da laifina."

Ba ta ce in tashi ba. Ta ce, "Da gangan na fito da su ranar. Akwai robobi cike da kicin, na ce a'a, a zuba a nawa. Na ce in ga yadda kwanona zai dawo, kafin in san yadda jikata za ta zauna." Ta sake zura yatsa a ramin. "To, na gani."

Na ji Mansur ya ja numfashi kamar an taka shi.

"Duk faɗin garin nan," ta ce, "ba ka sami tukunya ba sai nawa?"

Tunda ba sauran abin karewa, sai na faɗi gaskiya. Na ce na ga gidansu na dawo na raina nawa. Na ce ina tsoron ta shigo ta ga duhu ta ce ba a nan ba. Na ce na duba duk abin da Turawa suka jera ban ga wanda ya kama ƙafar waɗannan a kyau ba, kuma tun da na ɗora su a taga ban ƙara jin nauyin yamma ba.

Ta daɗe tana kallon tagar, inda biyun suka rage da murafensu a jingine. Can ta ce, "Tun da aka kawo ni ƙasar nan suna cikin kwali a saman sif. An ce ba su dace da kicin ba." (Matar Dakta ta ƙara zurfafa bincike a kan kafet.) "Rabona da in gan su a jere tun ina ɗakina." Ta cire tabarau. "Tashi, kada gwiwar ta ƙarasa a kaina a ce ni ce."

Na yunƙura, gwiwa ta ce ba da ita ba. Sai da Mansur ya kama hannu ɗaya, Dakta ya kama ɗaya, suka ɗaga ni kamar buhu. Dakta har yana tambayata a kunne ko likitan unguwarmu ya duba ƙafar nan kwanan nan.

Aka ci abinci. Ni dai cokali nake juyawa. Hajiya Babba kuwa ta ci, ta ƙara, ta yaba miyar, ba ta sake ɗaga maganar ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Da suka idar da la'asar Dakta ya ce za su kama hanya kafin duhu. Tsohuwa ta gyara lulluɓi ta dubi Mansur. "Kai, angona, ɗauko min kwanukana."

Asabe ta yi wuf ta ce, "Hajiya, bari a zubar da ƙasar a wanke, mu nemi mai walda ya..."

"A zubar? Ba ke kika ce ba kya mayar da kwano wayam ba? To ga shi mijinki ya riga ki cikawa. Haka zan tafi da su. Tagar ɗakina ba abin da take kallo sai bangon maƙwabta." Mansur ya ɗauki babbar, ya ɗauki ƙaramar, ya miƙa hannu zai ɗauki mai jajayen ganye. Ta ce, "A'a, bar wannan. Dama ta Sakina ce, ita na yi niyyar ba wa a kayan ɗakinta. Mene ne na kai ta Salford a sake dawowa da ita? Ta zauna nan, in sun tare sa zo su ɗauka."

Ni kam da yake kaina ya riga ya toshe, ban gane ba sai da na ga Sakina ta ruga waje ta shige mota, Asabe kuma tana share ido. Dakta ya yi gyaran murya ya ce, "To, Malam, ka dai ji. Sai ku zo a sa rana." Mansur ya faɗi wani abu da Turanci wanda ban kama ba, ya kusa sakin alobera.

A bakin ƙofa tsohuwa ta waiwayo. "Baban Mansur, da ranta na bar ta. Da ranta nake son ganinta ranar biki."

Motar tana shan kwana Asabe ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Na shirya wa ruwan faɗa. Sai ta ce a hankali, "Hudawar ba ta dame ni ba, na san wanda na aura. Amma ka ce wa yaro nawa ne. Shekara nawa ina zuba maka tuwo, Malam? Wace kala ce samirata?"

Na yi tunani. Na ce, "Ja?"

Ta shiga kicin ta fito da ita. Koriya ce, mai fararen tsuntsaye. A cikinta nake cin tuwo duk Juma'a tun muna Kaduna. Ta kifa ta, ga shuɗin ɗigo biyu. Ta ɗauko injina na huda ta ɗiga masa shuɗi biyu, ta sa a sif ɗinta ta kulle.

Washegari na ba Winston labari, ya yi dariya har ya riƙe shinge. Ya ce, "Mutumina, ai da ka zura baƙar robar a ciki yadda take, ita ce mai ramin. Ba wanda yake huda na adon!" Na ce me ya sa bai faɗa ba tun farko. Ya ce ban tambaya ba. Sannan ya ƙara mini da albishir: mai jajayen ganyen nan ita ce mafi saurin mutuwa a cikin ukun, yawancin mutane Kirsimeti na wucewa suke jefar da ita. Har yau na yi imani tsohuwar nan ta sani, shi ya sa ta bar mini ita.

Ban taɓa jinyar wani abu kamar yadda na yi jinyar shukar nan ba. Ganye ɗaya ya faɗi, in kasa cin abinci. Na matsar da ita daga hita, na kare ta daga iskar ƙofa, na koyi taɓa ƙasa da yatsa kafin in zuba ruwa. Duk Juma'a Hajiya Babba takan sa a kira ni ta bidiyo, ko gaisuwa ba ta ƙarasawa sai ta ce, "Nuna min." Zuwa ranar biki ba ja ko ɗaya a jikinta, 'yan korayen ganye ne a kan tsinke. Tsohuwa ta ɗora tabarau ta zagaya ta, ta ce, "Ta rame, amma tana nan. A ɗaura auren." Tata kuwa mai dogon gashi har 'ya'ya ta yi. Ta aiko mini da ɗaya a robar yogot, da saƙon cewa daga yanzu iyakar abin da za ta iya amince mini ke nan.

Abin da na koya da furfurata shi ne, yanzu duk abin da na ɗauka a gidan nan sai na kifa shi na duba ƙasansa. In na ga ɗigo, in tambaya. In ban ga ɗigo ba, in tambaya. Na kuma san kwanukan Asabe ɗaya bayan ɗaya, har takan yi mini jarrabawa in baƙi sun tafi. Kwanan baya na cire hulata zan yi alwala, na ga shuɗin ɗigo biyu a cikinta. Wannan kam ban tambaya ba. Na mayar da ita kaina na yi shiru.